Taron Sa Hannun Marubuci da Tallar Fim ɗin Almara a Yamai: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka ce wani kantin littattafai a Yamai zai kawo marubuci ya sa wa mutane hannu a kan littafinsa, kuma a haɗa da tallar sabon fim na almara, tambayoyin da ke yawo a WhatsApp kusan iri ɗaya ne. Wasu daga cikin gari suke fitowa, wasu daga Tawa, Maraɗi ko Damagaram, masu niyyar shigo mota. Ga su nan na tattara da amsoshinsu, yadda abin ke gudana a garin nan. Kowane kanti da tsarinsa, saboda haka maganar rana, lokaci da kuɗi, sanarwar masu taron ita ce abin bi.

Wai me ake yi a wurin ne?

Abu biyu ne aka haɗa a zama ɗaya. Na farko shi ne abin da ƴan Yamai ke kira dedikas: marubuci ya zauna bayan tebur, littattafansa jere a gabansa, wanda ya saya ya miƙa masa, ya rubuta sunan mai littafin da ƴan kalmomi, ya sa hannu da kwanan wata. Amma ba da wannan ake buɗe taro ba. Mai kanti zai yi wa baƙi maraba, wani ya gabatar da littafin, galibi malamin jami'a ko ɗan jarida, marubucin ya karanta shafi ɗaya ko biyu, a ba jama'a dama su yi tambaya. Sai an gama wannan ake kafa layi.

Na biyu shi ne tallar fim. Akan rataya farin ƙyalle ko a kawo babbar talabijin, a nuna gutsuren fim ɗin na minti biyu zuwa uku, wani lokaci da ɗan bidiyon yadda aka yi aikin ɗauka. Akan raba fastoci, wani zubin a yi kacici-kacici, wanda ya ci a ba shi riga ko tikitin kallo.

Fim ɗin ne ke cika ɗaki, wannan babu musu. Samari da ƴan lise dominsa suke zuwa. Amma tallar nan, ko ba ka zo ba, gobe za ka gan ta a YouTube. Abin da salula ba ta ba ka shi ne mutumin da ya rubuta labarin zaune a gabanka, kana tambaya yana amsawa.

Me ya haɗa kantin littafi da fim?

Finafinan almara da yawa daga littafi aka ɗauko su, kuma kowane ɓangare na cin moriyar ɗan'uwansa: wanda ya ga talla ya nemi littafi, wanda ya karanta littafi ya ƙagu ya ga yadda aka mai da shi hoto. Shi ya sa masu buga littafi kan sake fito da shi da sabon bango mai fuskar jarumin fim, daidai lokacin da fim ɗin zai fita.

A Nijar wannan ba baƙon abu ba ne. Abdoulaye Mamani ya fitar da *Sarraounia* a 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta ja daga da rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986. A Burkina aka ɗauke shi, kuma shi ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1987. Wancan tarihi ne aka yi wa ado, ko da yake akwai tsafi da asiri a ciki daidai gwargwado. Wanda ya fi kusa da almara tsantsa shi ne *Toula ou le génie des eaux* na Moustapha Alassane, na 1973, da aka gina a kan labarin Boubou Hama: fari ya ci ƙasa, boka ya ce aljanin ruwa ba zai huce ba sai an ba shi budurwa. To ranar da ka ga marubuci da mai shirya fim a tebur ɗaya a Yamai, tsohuwar hanya ce aka sake bi.

Fim ɗin gaba ɗaya za a nuna?

A'a. Talla ce kawai, sai fa in sanarwa ta ce haskawar farko ce, ita kuwa ba a kanti ake yin ta ba.

Ana biyan kuɗin shiga?

Yawanci kyauta ne, don mai kanti ciniki yake nema, ba kuɗin ƙofa ba. Inda ɗakin ƙarami ne, akan ce a rubuta suna tukuna, ko a ba waɗanda suka riga suka sayi littafi kujerun gaba. In aka haɗa da haskawar fim a wani zaure daban, tikitinta daban ne.

Dole ne in sayi littafin a wurin? Nawa zan riƙe?

Ba wanda zai kore ka don ba ka saya ba. Kana iya zama, ka saurara, ka yi tambaya, ka tafi. Amma sa hannu a kan littafi ake yin sa, kuma kantuna da yawa sun fi son ya zama a wurinsu ka saya, tunda su suka ɗauki nauyin kujeru, ruwan sha da man gurup in wuta ta ɗauke. In kana da naka tun da, ka nuna wa mai tsaron ƙofa kafin ka shiga, kada wajen fita a ɗauka daga kan kanta ka zare shi.

Batun kuɗi kuma ya danganta da inda aka buga littafin. Wanda aka buga a Yamai ya fi sauƙi. Wanda ya fito daga Faransa kuwa, lissafinsa a fili yake: Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, don haka littafin da aka rubuta wa Yuro 20 a bayansa ya haura jika 13, wato sefa 13,000, tun bai bar can ba. Sai a ɗora kuɗin sufuri, ga mu ƙasa ce marar teku, ga shi tun 2023 da aka rufe iyakar Benin kaya da yawa ta Lome da Burkina suke zagayowa. Kada ka ga farashi ka ɗauka mai kanti ne ya zauna ya yanka maka.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne yadda ake raba kuɗin. A tsarin masu buga littafi na Faransa, mai kanti kan ɗauki wajen kashi ɗaya cikin uku, mai rarrabawa da mai bugawa su ɗauki nasu, abin da ke isa hannun marubuci bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Marubutanmu na gida kuwa, da yawansu da kuɗin aljihunsu suke buga littafi. Malamin makaranta ne ko ma'aikacin gwamnati ya tara albashi, ko ya ci bashi, ya buga, kwalaye na jibge a ɗakinsa. Ranar dedikas ita ce ranar da yake sa ran mai da wani abu. Wannan ya sa nake jin kunyar ɗabi'ar nan tamu ta cewa, "Haba Malam, ai ni ɗan gida ne, ba ni guda mana." Ɗan gidan ne ya kamata ya fara saya.

Ka zo da tsabar kuɗi da canji. Wasu kantunan na karɓa ta salula, ta Nita, Amana ko Airtel Money, amma in rezo ya tsaya, mai takarda a hannu shi ke wucewa gaba.

Nawa a bakin titi na saya, ko fotokofi ne. Zai sa mini hannu?

Kada ka jarraba. Marubuci ya san littafinsa, kuma na jabu ba ya ɓuya: takarda shara-shara har ana hango rubutun bayan shafi, layuka sun karkace, launin bango ya dushe, gam ya saki tun karatun farko. Mai kunya zai sa hannun yana cije leɓe, marar kunya ya mayar maka a gaban jama'a, kuma bai yi laifi ba. Ko sisi bai samu daga wannan kwafi ba. Irin wannan matsala ce ta sa aka kafa hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA.

Wannan bai shafi tsohon littafi na asali da ka saya a hannun masu shimfiɗa littattafai a ƙasa ba. Wancan halal ne, kuma marubuta kan ji daɗin ganin bugun farko da ya sha hannu. Mai PDF a salula kuma, babu inda za a sa masa hannu, sai ya saurara kawai.

Ƙarfe nawa ya kamata in iso?

Kafin lokacin da aka rubuta, ko da ka san ba za a fara a kan kari ba. Dalili biyu ne: kujeru kaɗan ne, littattafai ma ƙidayayyu ne. Mai kanti ba ya yin odar ɗaruruwa don kada su kwana masa, saboda haka mai wayo yana shiga ya fara biyan littafi ya riƙe rasit, sannan ya nemi wurin zama.

An fi sa irin wannan taro ranar Asabar da safe ko bayan La'asar. In na yamma ne, Magariba ce ke yanke shi, kuma duk jinkirin da aka yi a farko, daga lokacin sa hannu ake cire shi. Mai tasowa daga Harobanda ya yi lissafin cunkoson gadar Kennedy. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ka riƙe ruwanka, don layi kan fito har waje, kuma kilim ɗin kanti ba ya iya wa mutum ɗari. Da damina kuma ka sa leda a jaka saboda littafin.

In na isa gaban tebur, me zan ce?

Gaisuwa, gajeruwa. "Sannu da aiki, Malam," ko "Hajiya, barka da yamma." In dattijo ne, "Baba, ina wuni" ya wadatar. Zai amsa ya ce, "Wa za a rubuta wa?" Ka buɗe masa shafin farko mai ɗauke da sunan littafi, ka miƙa da hannun dama. Minti ɗaya ko biyu gare ka, akwai mutane bayanka, don haka tambayar gida da yara da gajiya a bar ta sai an haɗu a wani wuri.

A cikin minti biyun nan ka faɗi abu ɗaya da zai nuna ka karanta. "Littafin ya yi kyau" ya ji ta tun safe har ta daina shiga kunnensa. Amma ka ce, "Malam, aljanin nan na rijiya, daga tatsuniyar garinku kuka ɗauko shi ko ku kuka ƙirƙira?" sai ka ga ya ɗago kai. Na taɓa ganin wata yarinya ƴar koleji ta miƙa nata, duk gefen shafuka ta cika shi da fensir, nan alamar tambaya, can ta rubuta "ƙarya yake yi" kusa da maganar wani waziri. Marubucin ya ajiye bik, ya dinga juya shafi yana dariya, ya ce, "Ƴata, ke kin fi mai gabatarwar nan karanta shi." Layin ya tsaya, ba wanda ya yi ƙorafi. Abin da ya rubuta mata ya kusa cika shafi.

In ba ka karanta ba tukuna, ka faɗa kai tsaye: "Yau na saya, Malam, zan karanta in sha Allah." Ka rufe da "Allah ya ƙara basira," ka ba na baya wuri.

Lokacin tambayoyin jama'a ma haka ne. A kowane taro sai an sami wanda zai karɓi makirfo, ya gabatar da kansa da digirorinsa, ya yi lacca ta minti goma a kan lalacewar tarbiyya, sannan ya ce ba tambaya gare shi ba, gudummawa ce. Kada ka zama shi.

Me ya sa ake cewa in rubuto sunana a takarda?

Saboda a ƙasar nan suna ɗaya na da rubutu biyu ko uku. Ousmane ne ko Usman? Aïchatou ko A'ishatu? Mahamadou, Mamane ko Muhammadu? Ga hayaniya, ga marubucin wataƙila baƙo ne daga Dakar ko Kano. Tawada kuma ba ta goguwa. Rubuta shi da manyan baƙaƙe a guntuwar takarda, ka sa a cikin littafin. In kyauta za ka yi wa wani, sunansa za ka rubuta, ka ce "na ƙanena ne" ko "na mahaifiyata ne," don kalmomin da zai zaɓa su dace.

Littafi nawa zan iya kawowa?

Biyu ko uku ba laifi. In sun fi haka, ka koma ƙarshen layi.

Da wane harshe ake taron? Faransancina bai nuna ba.

Yawanci da Faransanci ake buɗewa, daga nan Hausa da Zabarmanci su shigo da kansu, kamar kowane zama a Yamai. Yi tambayarka da Hausa, ba wanda zai yi maka dariya, kuma in marubucin ba ya ji, ba za a rasa mai fassara masa ba. Tun 2025 ma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Gaskiya dai a kan kantar masu sayar da littafi har yanzu Faransanci ne ya yi rinjaye. Akwai masu bugawa da harsunan gida, kamar Gashingo a nan Yamai, kuma in mutane suka yawaita tambayar mai kanti ina na Hausa, zai fara ajiyewa. Tallar fim ɗin waje kuwa kusan kullum da muryar Faransanci take zuwa mana.

Zan iya ɗaukar hoto da bidiyo?

Hoto da marubuci, ka nemi izini, kuma ka ba wani salularka tun kana layi, kamara a buɗe. Mace marubuciya ko ƴar wasa, kada ka dafa ta, kada ka matse ta, tsaya gefe. Bidiyon abin da ke kan allo kuma ka saurari abin da masu taron suka ce. In talla ce da ta riga ta fita a intanet, ba damuwa. In wani yanki ne da ba a saki ba, za su hana, kuma da gaske suke.

Ni ma ina rubutu. Zan iya ba shi nawa ya duba mini?

Ba a kan layi ba. Kusan kowane taro sai wani ya zaro kaye uku, wato littattafan rubutu, daga jaka ya ɗora a kan tebur, marubucin ya rasa yadda zai yi, ya karɓa don kunya, kuma Allah kaɗai ya san inda kayen nan ke ƙarewa. Ka ce kana rubutu, ka tambaya ko akwai hanyar da za ka aika masa. In ya ba ka, ka aika babi ɗaya da aka buga a kwamfuta, ba littafin duka ba. Kada ka taɓa ba kowa kwafin da shi kaɗai gare ka. Sau da yawa ma wanda ya fi yi maka amfani a ɗakin ba marubucin ba ne, wakilin masu buga littafin ne da ke tsaye gefe ba wanda ya kula shi.

Za a ga ƴan wasan fim ɗin?

In fim ɗin gida ne ko na Kano, mai yiwuwa ƙwarai, kuma su ne za su jawo turereniya. In na Amurka ne ko Ingila, hotunansu kawai za ka gani a jikin kwali. Duk wanda ya ce maka jarumin Hollywood zai sauka Yamai don tallar kanti, kuma yana sayar da tikitin gaisawa da shi, riƙe kuɗinka.

Zan iya zuwa da yara?

Sosai ma, in sun kai su zauna na awa ɗaya. Yaron da ya ga marubuci da idonsa, ya ga ashe mutum ne mai gumi da tabarau kamar kawunsa, kallon da yake yi wa littafi kan sake. Sai dai ka binciki shekarun da aka ƙayyade wa fim ɗin. A tsarin Faransa akwai na kowa da kowa, akwai wanda aka hana ƴan ƙasa da 12, da 16, da 18. Na Amurka in ka ga PG-13, ana nufin iyaye su yi hattara da yaran da ba su kai 13 ba. Kalmar almara na yaudarar iyaye su ɗauka wasan yara ne, alhali wasu cike suke da yaƙi da jini. Ƙarar lasifika kaɗai ta isa ta firgita ɗan shekara huɗu.

Finafinan nan cike suke da sihiri da bokaye. Bai saɓa wa tarbiyyarmu ba?

Fatawa aikin malamai ne, mai shakka ya kai musu. Abin da zan ce a matsayin mai karatu shi ne, kasancewar boka a cikin labari ba ya nufin ana tallar bokanci. Tatsuniyoyin da kakanninmu mata suka rene mu da su cike suke da Dodo, da aljanu, da dabbobi masu magana, da makircin Gizo, kuma da "ƙurunƙus" ake rufewa kowa ya san ƙirƙira ce. Abin dubawa shi ne ina labarin ya dosa, wa ya ci riba a ƙarshe, me aka nuna a matsayin abin sha'awa. A ganina ma, a finafinan waje da yawa ba sandar tsafin ba ce abin damuwar uba, shigar banza ce da wasu fitowa da ba ka so ka kalla tare da ƴarka. Maganinsa ka riga yaron kallo, ko ka karanta littafin kafin ka ba shi. In kuma tambayar na cin ka, ga marubucin nan a zaune, yi masa ita cikin ladabi. Ya sha jin ta.

Dodannin nan da garuruwan sama, yaya ake yin su? Mu za mu iya?

A manyan finafinai, ɗan wasa kan tsaya gaban koren ƙyalle yana faɗa da iska, daga baya a cire koren a kwamfuta a sa dutse, wuta ko dodo a madadinsa. Aikin ɗaruruwan mutane ne na watanni, shi ya sa sunayen ƙarshen fim ba sa ƙarewa.

Amma tun babu kwamfuta an yi a nan. Moustapha Alassane, haifaffen N'Dounga a 1942, yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka kudu da Sahara. Fim na tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, don haka sai ka zana, ka ɗauka, ka ɗan gusa, ka sake ɗauka. Da wannan haƙurin ya yi *Bon voyage Sim* a 1966, inda kwaɗi ke mulkin ƙasa da dukan shagalin ziyarar shugabanni, ya kuma yi *Samba le grand* a 1977 da ƴan tsana. Ya je Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren, gwanin fim ɗin zane. Daga baya a Tawa ya zauna, ya mai da wasu ɗakunan otal ɗinsa wurin aikin fim, har ya rasu a Wagadugu a 2015. Tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai, wadda aka sani da Jean Rouch, yanzu sunan Moustapha Alassane take ɗauke da shi.

Labari kuwa ba mu rasa shi ba. Cibiyar CELHTO a nan Yamai tun 1968 take tattara tarihin baka da tatsuniyoyi, cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni na ajiye da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Matashin da ke son rubuta almara, maimakon ya aro dusar ƙanƙara da dokin Turawa da bai taɓa gani ba, ga iskokin bori, ga sarkin ruwa da ƴan Sorko, masuntan kogin Isa, ga ayarin gishiri na Bilma. In mai shirya fim na gida ya zo taron, tambaye shi nawa ya kashe da inda ya samo kuɗin. Amsarsa za ta koya maka fiye da tallar.

Na ga a ƙasashen waje ana zuwa da shigar jaruman fim. A nan fa?

Ƴan samari sun fara, riga mai hoton fim, alkyabba, hula. Ba laifi. Amma abin rufe fuska, takobin wasa da bindigar roba, a bar su gida. Da yanayin tsaron da ake ciki, mai gadi ba zai tsaya jin bayanin wane jarumi kake kwaikwayo ba, kuma kafin ka iso kantin ma akwai jami'ai a hanya.

Bayan talla, ina za a kalli fim ɗin?

Masu taron za su faɗa, kuma tambayar da ya kamata ka yi ke nan kafin ka fita. Gidajen silima na da, da iyayenmu ke ba da labari, yawancinsu sun mutu. A 2017 aka buɗe Canal Olympia mai kujeru 300 a unguwar Hippodrome. Finafinan gida kuma an saba haska su a zauruka irin na cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, wadda ke ɗauke da sunan wanda ya fara cin babbar kyautar FESPACO a 1972, ko a Palais des Congrès in taron babba ne. Masu tura fim a kati za su samo shi ko ba jima, amma in na gida ne, ka daure ka biya tikiti, dalilin ɗaya ne da na littafi.

Daga Tawa zan taso. Ya cancanci wahalar?

Tafiyar wajen kilomita 550 ce, ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, wuni guda a bas. Motocin da asuba suke tashi, don haka ka zo ana gobe taro, ka kwana, kada ka dogara da isowa ranar. Riƙe katin shaidarka saboda shingayen bincike. Kafin ka yanki tikiti, ka kira kantin ka tabbatar ba a ɗage ba, don ɗage taro ba abin mamaki ba ne, ka kuma roƙa a ajiye maka kwafi.

In don tallar fim ce kawai, ban ga dalilin tasowa ba. In marubucin ne ka daɗe kana karantawa, to zuwa da kai ya fi saƙo. Ka haɗa da wata buƙata, ka kuma leƙa gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959. Mai son dodanni zai ga ƙasusuwan na gaske da aka tono a hamadarmu, har da na wani ƙaton kada daga Gadoufaoua, ga kuma busasshen iccen Tenere da mota ta kayar a 1973.

Ƴan Tawa kuma ku yi wa marubucin tayi. Akwai Jami'ar Djibo Hamani, akwai gidan matasa da al'adu na Albarka Tchibaou, kuma marubuta da yawa na son fita daga Yamai, mai gayyata da mai ɗaukar kuɗin mota suke rasawa. Ƙungiyar ɗalibai ko ta malamai na iya shirya wannan.

Ba zan samu zuwa ba, ko littafin ya ƙare kafin a zo kaina. Shi ke nan?

Kana iya ba wani kuɗi da sunanka a takarda ya karɓo maka, marubuta sun saba da haka. Wasu kantunan kuma kan sa marubuci ya sa hannu a kan ƴan kwafi kafin ya tafi, a ajiye wa masu zuwa daga baya, sai dai babu suna a kai. In littafin ne ya ƙare, ka rubuta sunanka da lambarka wurin mai kanti don oda ta gaba. Kada ka ba da kuɗi ba tare da rasit ba.

An sa mini hannu. Yaya zan adana shi?

Kada ka rufe littafin nan take, bar tawadar ta sha iska, in ba haka ba ta manne a shafin da ke fuskantarta. A gida ka nisanta shi da ƙasa da jikin bangon laka saboda gara, kada kuma ka bar shi cikin mota a rana, gam ɗin narkewa yake. Mai aron littafi in ya zo, ka ba shi wani, ko ka rubuta sunansa da ranar da ya ɗauka a gabansa.